Bencin aikin katako na gida: wane fasali za a bi, kuma da wane katako?

Ka ce kana son ka ƙera wa kanka bencin aiki, ɗakin da za ka ajiye shi ba shi da girma, kayan aikinka yawanci na hannu ne, wato zarto da kurfi da filen ɗin fere katako, sai injin huda guda ɗaya. Ka kuma ce yawan fasalin da ka gani ya rikita ka, kana son sanin ko dole ne sai an sami katako mai tauri da tsada, ko kuwa katakon gini da filawud za su wadatar. Amsata a taƙaice ita ce ka yi benci mai nauyi wanda ba ya girgiza, wanda fuskar ƙafafunsa ta gaba ta zo daidai da bakin samansa, kuma ka yi shi da busasshen katakon da ya fi sauƙin samu a wurinka, ko da mai laushi ne. Bushewar katako da ƙarfin haɗi sun fi sunan itacen muhimmanci nesa ba kusa ba, kuma a kan wannan ne mafi yawan bayanina zai tsaya.

Kafin a zo ga fasali, yana da kyau a san aikin da ake nema daga benci. Duk allon da ka ɗauka, ko dai fuskarsa za ka fere, ko gefensa za ka daidaita, ko kuwa bakinsa za ka yanka ka yi masa haɗi, kuma a kowane hali kana bukatar allon ya tsaya cik, hannuwanka biyu suna kan kayan aiki. Saboda haka duk hoton bencin da ya burge ka, ka ɗauki allo mai tsawon mita ɗaya da rabi a zuciyarka, ka ga yadda za ka riƙe shi a kwance, da yadda za ka tsayar da shi a kan gefensa, da yadda za ka ɗaga bakinsa sama. Idan ɗaya daga cikin ukun ya gagara, fasalin bai yi ba, komai kyan katakon da aka yi shi da shi. Da wannan awon ne za ka gane laifin yawancin teburan da ake kira bencin aiki, masu durowa tun daga ƙasa har sama da kuma saman da ya zarce ƙafafu da 'yan santimita. Durowar tana hana mamatsi, wato ƙarfen matse katako, shiga ƙarƙashin saman, zarcewar kuma tana barin dogon allo ko ƙofa suna lilo, ba su da abin jingina daga ƙasa.

Fasali biyu ne nake ganin ya kamata ka zaɓa a tsakaninsu, kuma dukkansu tsofaffi ne. Na farko shi ne na Faransa, wanda ake danganta shi da André Jacob Roubo, kafintan birnin Paris da ya fara wallafa babban littafinsa kan sana'ar a 1769, inda ya zana bencin da masu sana'ar zamaninsa ke aiki a kai. Samansa kakkauran katako ne, ƙafafunsa huɗu masu kauri suna shiga cikin saman kai tsaye, akwai sanduna huɗu da suka ɗaure su daga ƙasa, babu allon gaba, kuma fuskar ƙafa da bakin sama suna kan layi ɗaya. Ƙarfinsa gaba ɗaya daga kauri da nauyi yake zuwa. Na biyu shi ne na Ingila, wanda ake kira da sunan Peter Nicholson saboda zanen da ya fitar a littafinsa na 1812. Shi samansa siriri ne, kamar santimita 4, amma an kafa faffadan allo mai faɗin santimita 25 zuwa 30 a tsaye a gaba da kuma a baya, da 'yan sanduna a kwance a tsakaninsu, sai abin ya zama kamar akwati mara gindi. Allunan da ke tsaye su ne ke hana saman lotsawa, su ne kuma ke hana ƙafafu karkacewa idan kana tura filen.

Dalilin da ya sa dukkansu suke aiki ɗaya ne, kuma sanin sa zai cece ka daga ɓarnar katako. Juriyar allo ga lanƙwasa ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da kaurinsa, tana wuce shi sosai: idan ka ninka kaurin allo sau biyu, juriyarsa tana ninkuwa sau takwas, alhali idan faɗinsa ka ninka, sau biyu kawai za ta ƙaru. Roubo ya sami juriyar ta hanyar kaurara saman gaba ɗaya, Nicholson kuwa ya same ta ta hanyar tsayar da allo a kan gefensa, inda faɗinsa ya koma kauri. Wannan ne ma ya sa ban damu sosai da bambancin ƙarfi tsakanin itace da itace ba, domin ƙarin santimita biyu a kaurin saman yana rufe gibin da ke tsakanin katako mai tauri da mai laushi, har ya yi saura.

A halin da ka bayyana, na Ingila nake ba ka shawara. Ba ka da injin fere katako, ba ka da bencin da za ka yi wani bencin a kai, kuma ina kyautata zaton mamatsanka ba su da yawa. Ana iya haɗa bencin Nicholson da zarto da injin huda da gam da sukurori, a kan jakunan katako biyu, wato 'yan maɗorai masu ƙafa huɗu da ake ɗora allo a kai, kuma katakon da yake ci bai kai na Roubo ba. Aibinsa shi ne allon gaba yana hana ka matse abu a bakin saman da mamatsi, sannan ba shi da nauyi sosai, amma na farkon ana magance shi da ƙarfen riƙo da zan yi bayaninsa, na biyun kuma da shimfiɗa kanta a ƙasa a ɗora mata kaya masu nauyi. Idan kuwa kana da mamatsai dogaye kamar takwas ko goma, kuma kana da haƙurin manna katako sala-sala, na Roubo ya fi daɗin aiki, kuma shi ne wanda ba za ka ji bukatar sake wani ba.

Akwai bencin ƙasashen Jamus da Sikandinebiya, mai bayis (mamatsin da ake kafewa a jikin benci) a kafaɗa da wani a wutsiya da kwarin ajiye kayan aiki a baya. Benci ne mai kyau ƙwarai ga mai yawan yanka haɗi, amma ƙera bayis ɗinsa aiki ne na gwani, kuma ba zan ɗora wa mai farawa shi ba. Akwai kuma gajeren benci irin na Romawa, wanda aka tono samfurinsa a sansanin Saalburg da ke Jamus: kakkauran allo ne a kan ƙafafu, tsayinsa iya gwiwa, mai aiki yana zama a kan allon da yake sarrafawa ya danne shi da nauyin jikinsa. Idan ɗakin naka ya yi ƙanƙanta ainun, kada ka raina shi, domin a yini ɗaya ake gama shi, kuma a kansa za ka iya ƙera babban daga baya.

Game da awo, tsawo gwargwadon abin da ɗakin ya ɗauka ne. Mita 1.8 ya ishi yawancin aikin kayan ɗaki, ƙasa da mita 1.5 kuwa bencin yakan yi sauƙin ɗagawa idan kana fere allo, kuma ka tuna filen yana bukatar sarari bayan ƙarshen benci, don haka kada ka cusa shi tsakanin bango biyu. Faɗi kuwa shi ne inda masu farawa suke zarce gona da iri. Santimita 50 zuwa 60 ya isa, domin abin da ya wuce inda hannunka yake kaiwa ba wurin aiki ba ne, wurin tara tarkace ne, sannan siririn sama yana ba ka damar matse akwati ko kujera daga ɓangarori biyu. Tsayi shi ne abin da ba wanda zai yanke maka. Tsohon awon shi ne ka miƙe da takalmin da kake aiki da shi, ka saki hannunka, inda tushen ƙaramin yatsanka ya tsaya, nan ne saman benci, abin da ga yawancin mutane yake faɗawa tsakanin santimita 80 da 90. Wannan tsayin yana ba ka damar ɗora nauyin jikinka a kan filen. Wanda ya fi yin aikin kurfi da ƙaramin zarto, ko mai ciwon baya, yakan fi son ya kai 95. Ka bar ƙafafun da ɗan tsawo, ka yi aiki a kai na 'yan makonni, sannan ka rage, tunda ragewa ta fi ƙarawa sauƙi.

Yanzu sai batun katako. Masu sana'ar Turai sun fi amfani da bich da oak, na Amurka ta Arewa da mepul, kuma babban dalilinsu shi ne waɗannan itatuwan ne suke da yawa a wurinsu cikin manyan girma. A ma'aunin taurin katako na Janka, mepul mai tauri yana kusan 1,450, farin oak kusan 1,360, iroko kusan 1,260, fir na Douglas kuwa kusan 660 kacal, amma duk da wannan tazara, wajen juriya ga lanƙwasa fir ɗin da mepul kusan kunnen doki suke. Tauri yana nufin wuyar lotsawa idan abu ya bugi fuskar katako, kuma ni ban ɗauki wannan a matsayin alheri tsantsa a benci ba. Idan ƙafar kujerar da ka kwana biyu kana yi ta suɓuce ta bugi benci, gara bencin ya lotsa da ita ta lotsa. Sama mai ɗan laushi yana kama aiki, ba ya santsi, kuma ranar da za ka sake daidaita fuskarsa da filen za ka gama cikin sa'a ɗaya ko biyu. Saboda haka katakon gini na dangin fayin da fir ya isa. A ƙasashe masu zafi, iroko da madaci suna da nauyin da ake so, sai dai jijiyarsu takan sarƙe ta ba filen wuya, ƙurar iroko kuma tana damun fata da numfashin wasu mutane. Tik yana dakusar da kaifi saboda sinadarin yashi da ke cikinsa, kuma maiƙonsa yana hana gam kamawa sosai. Obeche ya yi laushi da rashin nauyi fiye da kima, ramukan da ka huda a cikinsa za su buɗe da wuri. Idan kana da zaɓi, ka ɗauki katako mai hasken launi, domin a kan farin sama ne ido yake saurin ganin layin fensir da ɗan hasken da ke leƙowa ta ƙarƙashin allon da bai kwanta daidai ba.

Abin da ba na sassauci a kansa shi ne bushewa. Itace yana fara tsukewa ne bayan ruwan da ke cikinsa ya sauko ƙasa da kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma yana ci gaba har sai ya daidaita da iskar wurin da yake, wanda a ɗaki mai bushewa yakan kai kashi 6 zuwa 8, a wuri mai laima kuwa 12 zuwa 15 ko sama da haka. Katakon gini, ko da wanda aka busar a tanda ne, sau da yawa ana sayar da shi yana da kusan kashi 19, wanda aka yanko kwanan nan kuwa ya fi haka nesa. A tsawonsa katako kusan ba ya motsi, a faɗinsa ne yake tsukewa yana kumbura, kuma a ƙiyasin da masu sana'a ke amfani da shi, kowane canji na kashi 4 a laima yana kawo canjin kusan kashi 1 a faɗin allo. Wato sama mai faɗin santimita 60 yana iya tafiya da dawowa da milimita 5 ko 6 tsakanin lokacin laima da na bushewa. Idan ka haɗa benci da ɗanyen katako, bayan 'yan watanni za ka ga saman ya kantare, layin gam ya buɗe, haɗin da ka buga da guduma ya fara motsi da hannu, kuma babu sukurun da zai hana wannan.

Maganin ba shi da wuya, haƙuri kawai yake so. Ka sayo katakon tun kafin ka gama zane, ka jera shi a ɗakin da bencin zai zauna, nesa da ƙasa da hasken rana, ka sa 'yan sanduna masu kaurin santimita 2 tsakanin kowane allo da na samansa, a kan layi ɗaya daga ƙasa har sama, don iska ta ratsa. Idan ba ka da na'urar auna laima, ka yanki guntu daga tsakiyar allo ɗaya, ka shafe bakunansa biyu da fenti don kada ya riga sauran bushewa, ka riƙa ɗora shi a sikeli kowane mako kana rubuta nauyin a jikinsa da fensir. Ranar da ka ga nauyin ya tsaya mako biyu ko uku a jere, katakon ya daidaita da ɗakin. Wanda aka busar a tanda yakan ɗauki makonni, ɗanye kuwa tsohon ƙiyasi shi ne shekara ɗaya ga kowane inci na kauri, ko da yake a wuri mai zafi da iska yakan fi haka sauri. Wannan ne ma ya sa ba na son mai farawa ya nemi gungumen allo guda ɗaya mai kaurin santimita 12 don ya kwaikwayi Roubo sak, domin irinsa yakan yi shekaru yana motsi yana tsagewa.

A wurin saye, ka duba bakin kowane allo. Idan ka ga 'yan ƙananan zobba sun kewaye ɗigo ɗaya, wannan ita ce cibiyar itacen, kuma allon da ke ɗauke da ita zai tsage ko ya murɗe. Gara ka sayi faffadan allo ka tsaga shi biyu ka jefar da tsakiyar da ka sayi sirara, domin faffaɗan alluna daga manyan itatuwa ake yanko su, jijiyarsu ta fi miƙewa, idanunsu, wato wuraren da rassa suka fito, sun fi kaɗan. Ka ɗaga bakin allo zuwa idonka ka hangi tsawonsa: wanda ya ɗan lanƙwasa mamatsi zai miƙar da shi, wanda ya murɗe kuwa ka ajiye shi. Ka guji wanda ke zubar da gari daga ƙananan ramuka, domin ƙwaro na ciki, ka kuma guji katakon da aka jiƙa da maganin gara don aikin waje, tunda za ka riƙa shaƙar ƙurarsa kana taɓa shi kullum.

Idan saman Roubo ka zaɓa, ka tsaga allunan sala-sala masu faɗin santimita 9 ko 10, ka tsayar da su a kan gefensu, ka manna su fuska da fuska. Da katako mai kaurin santimita 4 da rabi, sala 13 ko 14 za su ba ka faɗin 60. Wannan tsayarwar tana da wata fa'ida da ba kowa ke lura da ita ba, domin tana juya zobban itacen su tsaya a tsaye, kuma ta wannan fuskar motsin katako kusan rabin na ɗaya fuskar ne. Kafin ka shafa gam, ka gwada filen a gefen kowace sala, ka zana kibiya ta inda yake tafiya ba tare da yaga ba, ka jera su duk kibiyoyin suna kallon wuri ɗaya. Farin gam na kafinta yana fara kamawa cikin minti biyar zuwa goma, saboda haka ka manna uku-uku ko huɗu-huɗu, sannan ka haɗa rukunonin. Irin wannan saman, mai tsawon mita 1.8, yakan haura kilo 50 ko da na fayin ne.

Filawud da MDF, wato allon da ake yi da garin katako da gam, suna da wurinsu. Falle uku na milimita 18 da aka manna suna ba da sama mai kaurin milimita 54, shimfiɗaɗɗe tun ranar farko, wanda ba ya kumbura a faɗi, kuma ga mai aiki da injuna wannan ya wadatar. MDF yana da nauyi, falle ɗaya na milimita 18 mai faɗin santimita 122 da tsawon 244 yana kai kilo 40, amma yana kumbura idan ya sha ruwa, yana lotsawa a hankali idan babu sanduna a ƙarƙashinsa, gefensa ba ya riƙe sukuru, kuma ba a gyara fuskarsa da filen. Tunda aikinka na hannu ne, ka bar filawud ga kantar ƙasa, ko ka kafa shi a bayan benci don ya ƙara hana girgiza.

Ƙafafu kada su gaza santimita 8 a kowace fuska, kuma idan babu mai wannan kaurin, manna alluna biyu ya yi. A Roubo, haɗin harshe da rami ake yi, wato a fere ƙarshen sanda ya shiga ramin da aka sassaƙa a ɗaya katakon, a kulle shi da fegin katako, kuma tsohuwar dabara ita ce a karkatar da hudar da ke jikin harshen da kamar milimita ɗaya da rabi zuwa wajen kafaɗarsa, ta yadda idan an buga fegin zai jawo haɗin ya matse da kansa. A Nicholson, ka sassaƙa gurbi a jikin ƙafa inda allon gaba zai zauna, don ya kasance katako ne ke tokare katako, sukuru kuwa riƙewa kawai yake yi. Idan kana tsammanin ƙaura, ka ɗaure dogayen sandunan da noti maimakon gam. Wajen ɗora saman, ka kafe shi sosai ta gaba, ta baya kuwa ka tsawaita ramukan sukurun ta fuskar faɗi, don katakon ya sami hanyar motsi ba tare da bakin gaba ya bar layin ƙafafu ba.

Kayan riƙo kada ka yi musu gaggawa. Bayis ɗaya a gaba ya isa, a hagu idan da dama kake aiki, a dama idan bahago ne kai, kuma ka lulluɓe haɓoɓinsa da katako don kada ƙarfe ya ci aikinka. Ka ƙara ɗan turken katako a ƙarshen saman, wanda ake bugowa sama ko ƙasa, allo yana tokare da shi idan ana fere fuskarsa. Sai ƙarfen riƙo guda biyu, wato lanƙwasasshen ƙarfe mai doguwar ƙafa da ake zurawa a rami mai faɗin milimita 19 ko 20, a bugi kansa da guduma ya danne allo, a bugi bayansa ya saki. Yana kamawa ne saboda ƙafarsa tana karkacewa cikin ramin, don haka yana son kaurin kamar santimita 5 zuwa 9. A siririn saman Nicholson sai ka manna guntun katako a ƙarƙashin kowane rami, a saman da ya yi kauri da yawa kuwa ka faɗaɗa ramin daga ƙasa. Ramuka kaɗan za ka huda da farko, aikin ne zai nuna maka inda sauran za su zauna.

Daidaita fuskar saman ana yin ta ne da filen, a fara a gicciye, sannan a karkace, sannan a bi tsawo, ana ɗora miƙaƙƙun sanduna biyu a ƙarshe da ƙarshe ana hangen ko bakunansu sun yi layi ɗaya. Kada ka shafa masa banish ko wani abu mai sheƙi, domin santsi yana sa aiki zamewa. Shafi ɗaya ko biyu na dafaffen man linsid ya isa ya hana gam mannewa, amma tsumman da ka shafa man da shi kada ka dunƙule shi ka jefa cikin shara, domin yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa. Ka shanya shi a buɗe har ya bushe, ko ka nutsa shi a ruwa. Bayan bencin ya ga lokacin laima da na bushewa sau ɗaya, ka sake ɗora sandunan nan biyu, ka fere inda ya tashi, ka ƙara ɗaure notunan idan da su ka haɗa.